FASHIN BAƘI: Abin da ke hana kwamfuta buɗewa alhali kalmar sirri daidai take

Mutum ya kunna kwamfuta, allon shiga ya bayyana, ya rubuta kalmar sirrinsa kamar kullum. Allon ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku, sai a dawo da shi inda ya fito, ana sake neman kalmar. Ba a ce ya yi kuskure ba, ba a kuma bar shi ya shiga ba. Ko sau ashirin zai maimaita, haka zai yi ta gewaye a wuri ɗaya.

Masu amfani da babbar manhajar Linux sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma tana daga cikin waɗanda suka fi jawo asarar bayanai ba gaira ba dalili. Ɗalibin da kundin digirinsa ke ciki, ko ɗan jaridar da ya tara muryoyin majiyoyinsa, ko ma'aikaciyar ƙungiyar da ke bibiyar kasafin kuɗin jiha, kowannensu kan ruga shagon gyara hankali a tashe. Amsar da ta fi sauƙi ga mai gyara ita ce a goge komai a sake ɗora manhaja. Nan take kwamfuta za ta buɗe, amma aikin shekaru ya tafi, alhali sau da yawa ko fayil ɗaya bai lalace ba tun da farko.

Batun ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa na neman wani guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, sharaɗin da yawancin kwamfutoci na hannu da suka kwana biyu ba su cika ba. Linux na ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage wa masu irin waɗannan na'urori. Ba masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ke bin hanyar ba: a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin raba kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 da manhajojin Microsoft, jandarmomin Faransa kuma sun fi shekara goma suna aiki da wani samfurin Ubuntu da suka gyara wa kansu. Sai dai su suna da ma'aikatan fasaha da ake biya albashi. Matashin da ya ɗora Linux Mint a tsohuwar kwamfutar da ya saya a Farm Centre ta Kano ba shi da kowa sai kansa.

Gidan da kowane mai asusu ke da shi

Linux ya gaji tsarinsa ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1969. A wancan zamani kwamfuta ɗaya ce ke hidimar mutane da yawa, don haka aka ware wa kowa folda tasa, inda shi kaɗai ke da ikon ajiya da gogewa. Ita ce foldar gida. Idan sunan asusun mutum amina ne, gidan na nan a `/home/amina`, kuma ana taƙaita shi da alamar `~`. Asalin alamar ma abin sha'awa ne: a wata na'urar rubutu ta shekarun 1970 mai suna ADM-3A, madannin da ke mayar da mutum farkon allo shi ne kuma ke ɗauke da wannan alama, sai al'adar ta zauna har yau.

Takardu da hotuna ba su kaɗai ne a gidan ba. Akwai ɓoyayyun fayiloli da foldoji waɗanda sunayensu ke farawa da ɗigo, irin su `.config` da `.cache` da `.local` da `.profile`. A cikinsu ne ake adana yadda mutum ya tsara fuskar kwamfutarsa, da kalmomin sirrin da burauza ta haddace, da tarihin shafukan da ya ziyarta.

Shiga kwamfuta kuma mataki biyu ne, ko da yake ido na ganinsa kamar ɗaya. Allon da ke neman kalmar sirri manhaja ce mai zaman kanta, tamkar maigadi a bakin zaure: GDM a Ubuntu da Fedora, LightDM a Linux Mint, SDDM a yawancin masu amfani da KDE. Aikinta na farko shi ne tantance kalmar. Idan ta yi daidai, sai ta duba rajistar asusu da ke `/etc/passwd`, inda kowane mutum ke da layi ɗaya mai gurbi bakwai, kamar haka: `amina:x:1000:1000:Amina:/home/amina:/bin/bash`. Gurbi na uku lambar mutum ce, na shida kuma adireshin gidansa. Daga nan sai a kai shi gidan a tayar da fuskar aikinsa, kuma wannan fuska ba ta iya tashi sai ta karanta wasu fayiloli ta rubuta wasu. Idan gidan ya cika, ko ya zama mallakin wani, ko ma babu shi a adireshin, fuskar kan mutu tun kafin ta bayyana. Maigadin zai ɗauka mutum ya gama aikinsa ya fita, sai ya sake nuna allon shiga.

Saboda haka baƙin da allo ke yi na ɗan lokaci albishir ne. Kalmar sirri ta karɓu; da ba ta karɓu ba, da an faɗa a rubuce. Canza ta ba zai warware komai ba, a wani yanayi ma da za a zo kansa shi ke jawo babbar asara.

Tambaya ɗaya, amsoshi huɗu

Linux na da wata ƙofa da ba ta buƙatar hoto ko linzami. Idan aka danna Ctrl da Alt da F3 a tare, a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka har da madannin Fn, baƙin allo zai fito yana neman sunan asusu da kalmar sirri. Ba ya nuna ko ɗigo ɗaya yayin da ake rubuta kalmar, abin da kan sa sababbi su zaci madannan sun daina aiki. Komawa allon shiga kuwa Ctrl da Alt da F1 ne a Ubuntu, F7 a Linux Mint.

Da zarar an shiga, umarni ɗaya ya isa ya nuna inda ciwon yake: `touch ~/gwaji`. Ma'anarsa a ƙirƙiri fayil marar komai mai suna gwaji a cikin gida. Abin da fuskar aiki ta yi ƙoƙarin yi ta kasa ke nan, bambancin kawai shi ne a nan kwamfutar za ta faɗi dalili. Amsoshin da Turanci suke zuwa, kuma ba su da yawa. `No space left on device` na nufin wuri ya ƙare. `Permission denied` na nufin an hana izini. `Read-only file system` na nufin ma'ajiyar ta koma karatu kawai, ba rubutu. `No such file or directory` kuma na nufin gidan ba ya inda aka ce yake. A kwamfutocin ofis da na jami'a, inda ake yanka wa kowa kason wuri, akan ga ta biyar, `Disk quota exceeded`, wadda maganinta ke hannun mai kula da na'urorin.

Wani lokaci fayil marar komai kan samu shiga ko da wuri ya ƙare, domin ba ya cin fili. Don haka ba a tsayawa a kan `touch` kaɗai, sai a bi shi da `df -h`, wanda ke jero sassan ma'ajiya da kason da aka cinye a kowanne.

Idan rumbu ya cika

Wannan shi ne dalilin da aka fi cin karo da shi, shi ne kuma mafi sauƙin magani. Idan `df -h` ya nuna 100% a layin `/` ko na `/home`, an gano bakin zaren.

Abin da kan rikita mutane shi ne yadda kwamfutar ke tashi lafiya har zuwa allon shiga alhali ta cika. Dalilin yana cikin tsarin ajiya na ext4, wanda Ubuntu da Mint ke amfani da shi: tun ranar da aka tsara ma'ajiya yakan keɓe kashi 5 cikin 100 na filin domin `root`, wato babban asusun da ke da iko a kan komai. A ma'ajiya mai gigabait 200, gigabait 10 ke nan. Manhajojin da ke tayar da kwamfuta da sunan `root` suke aiki, suna da wannan tanadi. Mai asusu na yau da kullum ba shi da rabo a ciki, don haka shi kaɗai ƙofa ke rufe wa.

Umarnin `du -sh ~/* ~/.[a-zA-Z]*` zai nuna girman kowace folda a gida, har da ɓoyayyu. Waɗanda suka fi cinye wuri sanannu ne. Na farko kwandon shara: fayil ɗin da aka goge da linzami bai bar gida ba, ya koma `.local/share/Trash` ne kawai, yana nan da nauyinsa. Mai ɗaukar bidiyon zanga-zanga ko na zaman majalisa da ke ganin ya share gigabait 30 bai rage ko ɗaya ba sai ya zubar da kwandon. Sai `.cache`, wadda ba ta ƙunshi komai sai kwafin wucin-gadi da manhajoji za su iya sake samarwa. Sai fayil ɗin `.xsession-errors`, inda ake rubuta ƙorafin manhajoji. Idan wata ta ɓaci tana maimaita ƙorafi ɗaya dare da rana, fayil ɗin kan kumbura ya kai gigabait masu yawa.

Masu Linux Mint na da nasu abin lura. Manhajar Timeshift tana ɗaukar kwafin babbar manhaja lokaci-lokaci domin a iya komawa baya idan sabuntawa ta ɓata wani abu. Tanadi ne mai kyau, amma idan aka bar ta tana ajiya a ƙaramar ma'ajiya ɗaya da komai, ita da kanta kan cika ta. Umarnin `sudo timeshift --list` na nuna kwafe-kwafen, ana kuma iya cire tsofaffin. Haka `sudo apt clean` na share fayilolin manhajojin da aka riga aka ɗora, `sudo journalctl --vacuum-size=200M` kuma na rage kundin rahoton kwamfuta. Ba a buƙatar wuri mai yawa. 'Yan ɗaruruwan megabait sun isa a shiga, sauran sharar a yi ta daga ciki da ido buɗe.

Wannan shawara ta ƙarshe ba ta banza ba ce. A baƙin allo babu kwandon shara. Abin da umarnin `rm` ya goge ya tafi, kuma tazara ɗaya a inda ba ta dace ba na iya mayar da share `.cache` ya zama share gida gaba ɗaya. Ƙwararru ma ba su tsira ba: a 2011 irin wannan tazara a cikin manhajar Bumblebee ta goge wa masu ɗora ta foldar `/usr`, wadda yawancin babbar manhaja ke ciki.

Akwai kuma cikar da ba ta bayyana a `df -h`. Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, na cin gurbi ɗaya a rajistar ma'ajiya, kuma a ext4 yawan guraben ƙayyadadde ne tun farko. Miliyoyin ƙananan fayiloli na iya cinye su alhali fili na nan. `df -i` ne ke tona wannan.

Gida naka, makulli na wani

Linux bai san mutum da suna ba, lamba ya sani. `root` shi ne 0, asusun farko da aka buɗe a Ubuntu ko Mint ko Fedora kuma 1000. Kowane fayil na ɗauke da lambar mai shi, da bayanin wanda aka yarda ya karanta ko ya rubuta a cikinsa. Umarnin `ls -la ~` na nuna wannan, kuma duk layin da ya ce `root root` a cikin gidan amina abin tuhuma ne.

Wanda ya fi shahara a nan shi ne `.Xauthority`, ɗan ƙaramin fayil mai ɗauke da lambar sirrin da ke ba manhajoji izinin zane a allo ƙarƙashin tsohon tsarin nuni na X. Idan mutum ya taɓa rubuta `sudo startx`, ko ya buɗe manhaja mai hoto da `sudo`, fayil ɗin na iya komawa mallakin `root`. A shiga ta gaba, LightDM zai so sabunta shi da sunan amina, a hana shi, fuskar aiki ta mutu. Maganin layi ɗaya ne: `sudo chown amina:amina ~/.Xauthority`. Ko a canza masa suna kawai, za a ƙirƙiri sabo. Matsalar ta ragu a Ubuntu tun da ya koma GDM a 2017, wanda ke ajiye wannan lamba a wajen gida, ya kuma gyara halin `sudo` a fitowar 19.10. Amma tsofaffin shawarwarin da ke jawo ta na nan birjik a intanet, ana kwafa ana liƙawa.

Nau'i na biyu kan biyo bayan sake ɗora manhaja. A ce mai gyara ya yi abin kirki, ya bar sashen `/home` bai taɓa ba, amma ya fara buɗe asusu da sunan shagonsa kafin ya buɗe na mai kwamfuta. Shagon ya karɓi lamba 1000, amina ta zama 1001, tsofaffin fayilolinta kuwa duk 1000 ke rubuce a jikinsu. A idon Linux ta zama baƙuwa a gidanta. Kwatanta sakamakon `id` da na `ls -ln /home` zai fito da saɓanin, `sudo chown -R amina:amina /home/amina` kuma ya mayar mata da haƙƙinta. Dole a karanta adireshin sau biyu kafin a danna, domin yin wannan umarni a kan `/` kaɗai na rushe babbar manhaja baki ɗaya. A Fedora akwai ƙarin shinge mai suna SELinux, wanda ke liƙa wa fayiloli tambari. Gidan da aka kwafo daga wani wuri na iya zuwa da tambarin da bai dace ba, `sudo restorecon -R /home/amina` ke daidaita shi.

Shawarar da ya kamata a guje wa ita ce `chmod -R 777`, wadda kan fito a sahun farko idan aka yi bincike. Tana iya buɗe ƙofa, amma ta hanyar cire ƙyauren ne: kowane asusu da kowace manhaja a kwamfutar sun sami ikon karantawa da canzawa da gogewa. Manhajar SSH ma takan ƙi aiki da makullan da aka bari a buɗe haka. Ubuntu ya bi akasin wannan hanya ne tun fitowar 21.04, inda ya tsaurara izinin sababbin gidaje daga 755 zuwa 750 domin masu asusu a kwamfuta ɗaya su daina leƙa na juna.

Bayan an ɗauke wuta

Wanda batirin kwamfutarsa ya mutu, yake aiki da wutar bango kai tsaye, ya san yadda take mutuwa farat ɗaya idan an ɗauke wuta ko janareta ya tsaya. Tsarin ext4 na riƙe da kundin abin da yake shirin rubutawa, kuma galibi yakan gyara kansa a tashi na gaba. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinsa, sai ya kulle rubutu ya bar karatu, domin kada a ƙara ɓata abin da ya saura. A nan ne `touch` ke cewa `Read-only file system`.

Manhajar gyaran ita ce `fsck`, kuma ba a gudanar da ita a kan sashen da ake aiki da shi. Ana yi ne daga yanayin ceto ko daga filashin da ke ɗauke da Linux. Kafin nan yana da kyau a duba `sudo dmesg`. Idan ana ta maimaita `I/O error`, ƙarfen ma'ajiyar ne ke mutuwa, kuma duk wani yunƙurin gyara ƙara gajiyar da shi yake yi. Abin yi a lokacin shi ne kwashe bayanai zuwa wata ma'ajiya, da manhaja irin `ddrescue` wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo kansu daga baya.

Gida kan kuma ɓace ɗungurungum idan yana wani sashe ko wata ma'ajiya dabam da ba a haɗa ba yayin tashi. Baƙin allo kan faɗi haka tun a bakin ƙofa: `No directory, logging in with HOME=/`. Ganin `/home` wayam kan sa gaban mutum ya faɗi, amma sau da yawa sashen na nan lafiya, lambar shaidarsa ce da ke rubuce a `/etc/fstab` ta saɓa da wadda `sudo blkid` ke nunawa, musamman bayan an sauya ma'ajiya ko an sake yanka ta.

Gidan da aka kulle

Nan ne kuskure ya fi tsada, kuma waɗanda suka fi taka-tsantsan ne yake samu.

'Yan jarida da masu fafutuka na da dalilin kulle bayanansu. A ranar 6 ga Janairu, 2019, sojoji sun kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani rahoto game da shirin ƙwato garin Baga, suka kwashe kwamfutoci. Duk wanda ya bi labarin ya san cewa kalmar sirrin allon shiga kaɗai ba ta hana wanda na'ura ke hannunsa karanta abin da ke ciki.

Linux Mint na ba da zaɓin kulle foldar gida yayin ɗora shi, da wani tsari mai suna eCryptfs. Ubuntu ma ya yi shekaru yana ba da shi kafin ya cire shi daga matakan ɗorawa a fitowar 18.04, ya karkata ga kulle ma'ajiya gaba ɗaya. Yadda tsarin ke aiki shi ne: ainihin makullin bayanan wata doguwar lamba ce mai haruffa 32 da kwamfuta ta zaɓa da kanta, sai a naɗe ta cikin wani fayil da kalmar sirrin shiga ke warwarewa. Idan mutum ya canza kalmarsa da kansa daga cikin asusunsa, ana sake naɗe makullin da sabuwar. Idan kuwa wani ne ya canza masa da ikon `root`, kamar yadda masu gyara ke yi wa wanda ya ce kwamfuta ta ƙi buɗewa, makullin na nan a naɗe da tsohuwar kalma. Sabuwar za ta wuce maigadi, ta kasa buɗe gida, a dawo allon shiga.

Alamar wannan yanayi a fili take. `touch` zai ce an hana izini, `ls ~` kuma ba zai nuna komai ba sai abubuwa biyu: `README.txt` da `Access-Your-Private-Data.desktop`. Ba a goge komai ba. Bayanan na nan a kulle a ƙarƙashin `/home/.ecryptfs`. Umarnin `ecryptfs-mount-private` tare da tsohuwar kalma zai buɗe su, mayar da kalmar shiga zuwa tsohuwar kuma zai kawo ƙarshen gewayen. Wanda ya manta tsohuwar kalma zai iya tsira idan ya taɓa rubuta lambar nan mai haruffa 32 a takarda, wadda `ecryptfs-unwrap-passphrase` ke nunawa lokacin da komai ke lafiya. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, babu injiniyan da zai buɗe masa. Tsarin da aka gina don ya gagari jami'in da ya ƙwace kwamfuta ba ya bambanta shi da mai ita da ya yi mantuwa.

Idan duk gwajin ya wuce lafiya

Wani lokaci wuri na nan, izini daidai, amma har yanzu ba a shiga. A nan sai a buɗe sabon asusu da `sudo adduser gwaji` a gwada shiga da shi. Idan sabon ya shiga, ciwon na cikin ɓoyayyun fayilolin tsohon gida: layin da aka kwafo daga intanet aka liƙa a `.profile`, ko wani ƙari da aka ɗora wa fuskar GNOME da bai jitu da sabuwar fitowa ba. Kwafin `.profile` na asali na nan a `/etc/skel`. Ita kuma `.config` ba a goge ta, suna ake canza mata, `mv ~/.config ~/.config-tsoho`, domin a iya dawo da abin da ake so ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen `.xsession-errors` da sakamakon `journalctl -b -p err` kan ambaci sunan mai laifin.

Idan sabon asusun ma ya kasa, to gida ba shi da hannu. Akan duba manhajar katin hoto, musamman ta Nvidia bayan sabuntawa, ko izinin foldar `/tmp`, wanda ya kamata ya zama 1777.

Masu Windows ma na da irin tasu, da wata fuska dabam. Maimakon a mayar da mutum allon shiga, sai a shigar da shi asusun wucin-gadi, ya tarar da fuskar aiki fayau kamar sabuwar kwamfuta. Haka ta faru da mutane da dama a Fabrairun 2020 bayan sabuntawa mai lamba KB4532693. Fayilolinsu na nan a `C:\Users`, a foldar da aka ƙara wa suna `.000` ko `.bak`. Haɗarin a can shi ne duk abin da aka ajiye a asusun wucin-gadin gogewa yake yi da zarar an fita.

Kafin a kai shago

Ba kowa ne zai iya zama gaban baƙin allo ba, kuma akwai masu gyara da suka san aikinsu. Sai dai miƙa kwamfuta miƙa duk abin da ke gidan ne, har da kalmomin sirrin burauza da hirarrakin majiyoyi. A Afrilun 2019 an bar kwamfutar Hunter Biden, ɗan Joe Biden, a wani shagon gyara a Wilmington ta jihar Delaware. Mai shagon ya kwafi abin da ke ciki, kuma a Oktoban 2020, kimanin mako uku kafin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, jaridar New York Post ta fara wallafa saƙonnin. Ɗan rahoton da ke bin diddigin kwangilar ƙaramar hukuma ba shi da lauyoyin da iyalan Biden ke da su.

Filashin da aka ɗora Linux da shi tun farko na iya tayar da kwamfuta ba tare da taɓa abin da ke cikinta ba, ta zaɓin gwaji da ke fitowa kafin ɗorawa. Daga nan ana buɗe ma'ajiyar ciki da linzami kamar kowace folda, a kwashe `/home/amina` zuwa wata ma'ajiya ta waje, har da ɓoyayyun fayilolin da Ctrl da H ke bayyanawa. Inda aka hana izini, `sudo` na filashin ya wadatar. Gidan da aka kulle da eCryptfs sai an bi ta `sudo ecryptfs-recover-private` da kalmar sirrinsa. Wanda ba a kulle ba kuwa ba a tambayar kalmar komai, ko mai kwamfutar ne ya soka filashin ko wanda aka bar wa ita a shago.